Alalar da Na Yi wa Baba Soja

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce in kawo ta. To ga ta, sai dai ba ta namun dawa ba ce, ni ce a cikinta, kuma ba ta dariya ba ce.

Ina tsaye a kicin ɗin maƙwabtanmu ina kankare tukunya, hannuna duk manja, sai Bilqis, 'yar mai gidan, ta dawo daga asibitin da take aiki. Ko takalmi ba ta cire ba ta buɗe firij za ta sha ruwa. Sai na ji shiru. Firij a buɗe yana ta gurnani, ita kuma ba ta ɗauki komai ba.

"Mma, ina kwalbar da ke nan ƙasa?"

"Wacce?"

"Ta wake. Mai takarda manne a jiki."

"Ga ta can na wanke na kife," na ce da ita, ina ta murnata. "Ai alala na yi wa mahaifinki da shi. Bilqis, ya ci! Cokali shida, ina tsaye a kansa. Mutumin da ya kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa."

"Duka kika dafa?"

"To nawa ne? Ko rabin kwano bai kai ba. Ga tauri, tun hantsi na jiƙa shi kafin ɓawon ya saki."

Bilqis ta sulale ta zauna a ƙasa da kayan aikinta, ta toshe baki da hannu biyu don kada kukan ya kai ɗakin tsohon. Da ƙyar ta ce, "Mma, iri ne. Waken Jubal ne."

Tukunyar ta kuɓuce daga hannuna.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san waye Jubal, ku kuma san abin da na aikata.

Sunana Mero, mutuniyar Malumfashi. Wankan jego ne ya kai ni Doha. Autata Kausar ce ta haihu, mijinta Garzali yana kula da direbobi a wani kamfanin motoci, shi ya aiko mini da takardu na hau jirgi. Kwana arba'in aka ce, sai da na yi wata biyar. Gidan a unguwar Mu'aither yake, babban gida ne aka raba shi biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya a waje. Ɓangare ɗaya mu, ɗayan Bilqis da mahaifinta.

Malam Abdul-Majeed sunansa, amma duk layin Baba Soja suke ce masa, har Ba'indiyen da ke tsaron kantin bakin titi. Baƙar fata ne ɗan Amurka, dogo, ya yi aikin soja a ƙasarsu har ya yi ritaya, ya musulunta tun yana saurayi. Matarsa marigayiya Fausatu 'yar Zangon Kumasi ce, a bakinta ya koyi Hausa, shi ya sa har ya bar duniya "ka" yake ce mini kamar namiji. Ran farko na ce masa, "Malam, ni fa mace ce, jikokina goma sha ɗaya." Ya ce, "Na gani, Hajiya, ka yi haƙuri." Na haƙura.

Bayan famfon nan akwai ɗan fili, tsawon tabarma uku, wanda ya kwashe yashin ya zuba baƙar ƙasa ta cikin buhu, ya kakkafa sanduna. Da na zo babu komai a wurin sai busassun igiyoyi. Ya ce ƙwari ne suka cinye shukar bara yana kwance a asibiti da ciwon zuciya. Da la'asar, in rana ta sauka daga kan katanga, sai ya fito da kujerarsa ta roba ya zauna yana kallon sandunan. Ni kuma ina shanyar kayan jaririya. Ni 'yar manoma ce, matar manomi, ga bakina ba ya zama shiru, to ta ina hira ba za ta ƙullu ba?

A nan ya ba ni labarin Jubal, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Yadda ya faɗa mini nake faɗa muku, ni ban je ba.

Jubal kakan kakanninsa ne, bawa ne a gonar wani Bature, sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Sai yaƙi ya tashi tsakanin Turawan Amurka da na Ingila. Aka kira ubangidansa fagen fama, shi kuwa ya tura Jubal a madadinsa, ya ce in ya dawo da rai ya 'yantu. Jubal ya ɗauki bindiga shekara uku. Sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, saboda akwai lokacin da ko takalmi ba su da shi. Da ya dawo, ubangidan ya ce shi bai tuna da wani alkawari ba. Sai da aka je gaban alƙali kafin ya sami takardarsa. Ya kama wata jigawa da kowa ya raina ya fara noma. Matarsa Dina ta zo gidan da ɗan wake a ƙulle a bakin ɗankwalinta, na mahaifiyarta, wadda ta ce daga ƙasashenmu na nan aka ƙetara teku da shi. Wake ja ne, ƙanana. Shi suka shuka, shi ya riƙe su shekarar da komai ya ƙi. Suka haifi goma sha ɗaya, biyar suka rayu. A bakin gonar aka tsinci Jubal ya cika, fartanya a gefensa.

"Gonar fa?" na tambaye shi.

"A hannun jikansa aka ƙwace. Gidan ya rushe. Kabarinsa ma ba wanda ya san wurin yanzu, Hajiya. Takardar 'yancin ta ƙone a gobara. Wake kawai ya rage."

Kowane zamani mutum ɗaya ke riƙe irin. Ya shuka, ya ci, ya ware na baɗi, in mutuwa ta matso ya miƙa wa na bayansa, a ƙara suna a takarda. Shi ne na bakwai. Duk barikin da aka kai shi, ko a bokiti ne sai ya shuka. 'Yan uwansa duk sun watsar, sun ce su ba ƙauyawa ba ne. Da ƙwarin nan suka cinye na bara, abin da ya rage a duniya shi ne ragowar na bara waccan, wanda ke cikin kwalbar nan.

Duk na ji wannan da kunnena. To me ya sa na dafa? Ni ma na tambayi kaina har na gaji. A wurinmu iri ba ya zama kusa da abinci. Toka ake zuba masa, a sa a tulu, a liƙe bakin da laka, a kai ƙuryar ɗakin maigida inda yara ba sa shiga. Ni a raina waken Jubal yana ƙarƙashin gadon Malam, cikin akwati. Ban taɓa jin an ajiye iri a firij tsakanin madara da tumatir ba. Takardar jikin kwalbar kuwa rubutun boko ne, ni allo na yi. Na ɗauka sunan kamfani ne. Ran nan da safe Bilqis ta bar mini mabuɗi ta tafi aiki, na leƙa shi, ya ce yana marmarin abin wake mai laushi irin wanda Fausatu ke yi. Namu waken ya ƙare. Na buɗe firij ɗinsu na ga wake. Na ga ja ne, na ga ƙanana ne, amma hankalina yana kan mutum ya ci abinci. Ragowar alalar ma na kai wa Kausar da mijinta, suka cinye.

Abin da ya sa Bilqis kuka ba waken kaɗai ba ne. Ƙanenta Aminullahi yana hanya daga Amurka, ranar Alhamis zai sauka, mu kuma muna Litinin. Shekara tara ke nan ba sa ga maciji da mahaifinsa a kan maganar noman nan. Uban yana so ya karɓi iri, ɗan yana cewa shi ba zai ƙare rayuwarsa yana bautar ƙwayar wake ba. Sai bana, da ya ji jikin tsohon ya yi tsanani, ya sayi ɗan fili a bayan garinsu, ya turo hotonsa ta waya, ya ce ga shi nan zuwa ya karɓa. Tun ranar Baba Soja ke ƙirga kwanaki. Bilqis ta ce ita a ganinta jiran Alhamis ɗin nan ne kawai ke riƙe da numfashinsa.

Na ce, "Tashi mu je in faɗa masa. In durƙusa in nemi gafara tun yana ji yana gani."

Ta riƙe bakin zanena. "Mma, wallahi in kika faɗa masa ba zai kai Alhamis ba. Ni nas ce, na san zuciyar nan. Ki rufa mini asiri."

"To ranar Alhamis ɗin me za a miƙa wa yaron? Kwalba fanko?"



Garzali ne ya kawo shawarar. Kun san suruki, ba ya iya kallon idona, yana tsugune a bakin ƙofa yana magana da tabarma. "Inna, wake ai wake ne. Gobe in na tashi duti sai in zaga shagunan unguwar Mesaimeer, akwai na Indiya, akwai na Sudan, akwai na ko'ina. A samo ja ƙanana a zuba. Idonsa ba ya gani sosai yanzu. Khalas, shi ke nan."

"Baban Haulat," na ce, don sunan jaririyar ke nan, "ka taɓa riƙe fartanya?"

"A makaranta, Inna."

"Shi ya sa."

Kausar ta ce, "Inna, ke ma dai. Kuskure ne, ba da gangan kika yi ba. In kin faɗa masa waken zai dawo ne? Sai dai ki sauke nauyinki ki ɗora wa mara lafiya."

Maganar nan ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Amma ni abin da nake gani daban ne. Mutum yana bakin kabari, na ci masa amana, ko da ban sani ba. In ya tafi bai yafe ba, a ina zan same shi? Ni ma ba yarinya ba ce, tafiyar ba ta yi mini nisa ba. Duk da haka na yi shiru. Bilqis 'yarsa ce, ita ke da iko da ɗakin.

Washegari Garzali ya dawo da leda huɗu. Muka baje a faranti, ni da Bilqis, muna tsinta kamar masu neman allura. Na farko ya yi girma. Na biyu ya yi duhu. Na uku ne ya ɗan yi kama, sai dai yana da sheƙi, na Jubal kuwa fatarsa a dushe take, da ɗan kaushi, har yanzu ina jin sa a tafin hannuna. Muka zaɓi ƙananan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ni da hannuna na zuba a kwalbar. Takardar ba ta lalace ba, an bi ta da salatif. Na ce Bilqis ta karanta mini abin da ke jiki. Ta karanta sunaye bakwai. Da na san haka tun farko.

Kwana biyun nan kullum sai na kai masa kunu. Kullum sai ya ce, "Hajiya, alalarka kamar ta Fausatu, ta fi abincin asibiti. Yaushe za ka ƙara?" Ni kuma in ce sai ya ƙara samun sauƙi, in fito da sauri.

Ranar Alhamis da hantsi Garzali ya ɗauko Aminullahi daga filin jirgi. Dogo kamar ubansa, da furfura kaɗan a gemu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya shiga ɗakin ya daɗe. Muna tsakar gida muna jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa da Turanci, can sai muka ji kukan babban mutum. Bayan azahar Bilqis ta leƙo ta ce Baba yana kirana, wai yana son shaida, kuma manomi yake so.

An tayar da shi zaune, an jera masa matasai a baya, ya sa farar hula. Ya ce a kawo kwalba. Bilqis ta kawo. Ya buɗe murfin da kansa, da ƙyar, ya ƙi a taya shi. Ya zura yatsu uku ya ɗebo, ya murza.

Na ga lokacin da yatsun suka tsaya.

Bai ɗaga kai ba tukuna. Ya sake murzawa. Ya kai hanci. Sannan ya ɗago ya dubi Bilqis, ita kuwa ta kafa ido a kan na'urar sanyaya ɗaki kamar yau ta fara ganinta. Ya juyo ya dube ni. Ni ban iya kawar da kai ba. Aminullahi yana durƙushe a gaban gadon, ya tara hannu biyu kamar mai karɓar addu'a, bai lura da komai ba.

Sai tsohon ya mayar da waken cikin kwalba, ya rufe, ya fara magana da Turanci. Ban ji yaren ba amma na ji sunayen: Jubal, Dina, da sauran, ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ba ta karye ba ko sau ɗaya. Ya karɓi biro, ya rubuta suna na takwas a ƙasan takardar, rubutun yana gangarawa gefe. Ya ɗora kwalbar a hannun ɗansa. Aminullahi ya sumbaci murfin, ya kifa goshinsa a gwiwar uban.

Da muka fito Bilqis ta matse hannuna ta ce, "Alhamdulillahi, bai gane ba." Na dube ta kawai. Ita ma ta san ya gane.

Ranar Juma'a da safe Garzali ya ɗauki Aminullahi suka tafi masallaci da wuri, Bilqis tana wanka. Na shiga da kunu, na bar ƙofa a buɗe kamar kullum. Yana kwance yana kallon rufi.

"Hajiya, ajiye kofin. Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Wancan na kasuwa ne."

"Na kasuwa ne, Malam."

"Ina nawa?"

Na ce, "Alalar ran Litinin."

Ya rufe ido. 

"Duka?"

"Duka. Ban sani ba, Malam. Wallahi ban sani ba. A wurinmu toka ake zuba wa iri, ba a sa shi a firij. Na ga kana jin yunwa ne."

"Ni na ci."

"Cokali shida."

Wata irin dariya ta kuɓuce masa, busasshiya, ta juye ta zama tari. Na tashi zan ba shi ruwa ya ɗaga mini hannu. Hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne.

"Waken nan ya tsallake teku," ya ce. "Ya tsallake bauta. Gobara, fari, yaƙi biyu a hannun kakana da babana. Na kai shi ƙasa biyar a cikin safa. Ko guda ɗaya bai faɗi ƙasa ba, Hajiya? Ka duba?"

"Na duba. Na share kicin ɗin sau uku, na zazzage kwandon shara, na tona bakin magudana da tsinke. Ɓawo kawai na samu."

Na matsa na durƙusa sosai, na ce, "Malam, don Allah, don Annabi, ka yafe mini. Kada ka tafi da hakkinka a wuyana."



"Na ciyarwa, na gode," ya ce. "Yunwa nake ji, ka ba ni. Wannan babu laifi a ciki. Amma waken ba nawa ba ne, Hajiya. Ajiya aka ba ni. Yaya zan yafe abin da ba nawa ba? Jiya na rubuta sunan mai shi."

"To in faɗa masa?"

"A'a. Ni na sa masa ƙarya a hannu, ina sane. Na ga yadda ya tara hannun nan, shekara tara ina jira, na kasa. Ni zan faɗa masa. In sun dawo daga masallaci."

Ya juya fuska bango. Na ɗauki kofin kunun da bai taɓa ba na fito.

Ba su dawo sun same shi da magana ba. Kafin a sauko daga Juma'a numfashinsa ya canja. Bilqis ta kira motar asibiti, suka zo suka duba, ita da su suka yi magana a tsakar gida, suka tafi ba tare da shi ba, don tun da can ya ce a gida yake so. Aminullahi ya zauna a gefensa yana riƙe da hannunsa. Sau biyu na ga tsohon ya buɗe ido yana motsa leɓe, ɗan ya kai kunne, ba abin da ya fito. Garzali yana karanta masa Yasin. Ranar Asabar, ana kiran la'asar a masallacin layinmu, ya cika. Bilqis ce ta shafe masa ido.

Washegari maza suka kai shi maƙabartar Mesaimeer. Ban taɓa sanin yana da jama'a haka ba: direbobi 'yan Najeriya, masu gadi 'yan Zango da ke kiransa suruki, tsofaffin abokan aikinsa, har Ba'indiyen kantin ya rufe ya bi su. Mu mata muka zauna a tsakar gida a kan tabarmi, kusa da sandunan nan. Kowa ya shigo sai ya ce mutumin kirki ne, Allah ya sa ya huta. Ni ina amsa amin.

Ranar addu'ar uku na ce wa Bilqis, "Zan faɗa wa ƙanenki, ke za ki fassara."

"Mma, Baba ya tafi. A bar shi ya shuka abin da aka ba shi mana. Wa zai sani?"

"Zai shuka, ya ba ɗansa, ya ce ga waken Jubal. Ɗan ya ba nasa ɗan. Sunaye na ƙaruwa a kan waken Mesaimeer. Kuma mahaifinku ya yi niyyar faɗa, ajali ne ya riga shi. Ni na ji da kunnena. In kin ƙi, sai in kira Baban Haulat ya fassara."

Ta share hawaye ta ce, "Yalla, mu je."

Yana zaune a kujerar robar uban, kwalbar a kan cinyarsa. Na durƙusa a gabansa, ni da a shekaru na haife shi, ya yi sauri zai tashe ni, na ƙi. Na faɗa masa komai, tun daga firij har zuwa maganar ran Juma'a. Ina faɗa Bilqis tana juyawa. Nata laifin ma ba ta ɓoye ba, na ji ta ambaci sunanta. Shi kuwa yana kallon kwalbar, yana juya ta a hankali.

Da na gama ya yi tambaya. Bilqis ta ce, "Wai lokacin da yake miƙa masa, ya riga ya sani?"

"Ya sani. Tun da ya taɓa."

Ya sake tambaya. "Wai ya ji daɗin alalar?"

"Ya ce kamar ta mahaifiyarku."

Ya gyaɗa kai, ya gyaɗa, ya gyaɗa. Na ce, "Ki ce masa yanzu shi ne mai hakki. Ya yafe mini."

Ta faɗa masa. Ya dube ni, ido jawur. Ba fushi na gani a ciki ba, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Ya yi magana, gajeriya, sannan ya miƙe ya shige ɗaki.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana so ya ce ya yafe, amma in ya faɗa yau ƙarya ce, kuma ƙarya ta ishe shi haka. Ya ce ki ba shi lokaci."

Na ce, "To. Gaskiyarsa."

Ranar da zai koma, da sassafe na fito alwala na gan shi a bakin famfo. Ya juye waken kasuwar a wani faranti, ya ɗora a kan katanga. Ya goge kwalbar da gefen rigarsa, ya naɗe ta a cikin rawanin uban, ya sa a jakar hannu. Ya gaishe ni da Hausarsa, "Ina kwana, Mma," na amsa, Garzali ya yi masa hon a waje. Kafin rana ta ɗaga tantabarun maƙwabta sun sauka a kan farantin, suna ture juna, waken yana gangarowa yana faɗuwa bayan katanga.

Bayan sati uku takardar izinin zamana ta ƙare na dawo Malumfashi. Kausar da mijinta suna nan a gidan, Haulat har ta fara tafiya. Bilqis ta tashi ta koma wani ƙaramin gida a Al Rayyan kusa da wurin aikinta, takan kira ni ranar Juma'a. Ta ce Aminullahi bai sayar da filin ba, masara da kabewa ya shuka, bai sa wake ba. Duk kiran sai na tambaye ta ko ya ba da saƙo gare ni, takan ce tukuna. Ɓangarensu kuwa wasu 'yan Sudan ne suka kama. Kausar ta ce sun cire sandunan, sun zuba siminti a wurin, nan suke ajiye mota.